Barde mai tsafi bai cancanci wannan hukuncin ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, na rubuto ne a kan sharhin da ya fito a shafinku na nishaɗi game da wasan Dungeons & Dragons. Na ji daɗin ganinsa da Hausa, don mu masu yin wasan ba mu da yawa, kuma duk wanda ya tarar da mu zagaye da tebur, ga takardu ga ƙwayoyin jefawa, sai ya ɗauka wata ludo ce ta 'yan boko. Sai dai malamin da ya yi sharhin ya yanke wani hukunci da garaje. Ya ce duk wanda ya zaɓi jarumin da ya haɗa takobi da tsafi ya cuci kansa, wai taura biyu ba ta taunuwa. Ni kuwa shekara biyu ke nan ina riƙe da irin wannan jarumi, kuma ban yarda ba.

Ga wanda bai san wasan ba: tatsuniya ce da ake ƙirƙira tare. Mutum ɗaya ne jagora, shi ke ba da labari, sauran kowa da jaruminsa a rubuce a takarda. In za ka kai sara, sai ka jefa ƙwaya mai fuska 20 a ga ko ka samu. Tsafin ma lissafi ne da fensir, kada wani ya tayar da hankalinsa. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da wasan a Amurka a 1974, kuma tun farkonsa ake wannan gardamar. A bugun 1981 akwai jinsin da ke iya yaƙi da tsafi lokaci guda, sai aka tsawwala masa: maki 4,000 na ƙwarewa yake buƙata kafin ya hau mataki na biyu (jarumi na ƙara ƙarfi ne mataki-mataki), alhali mayaƙi zalla 2,000 sun ishe shi, matsafi kuma 2,500. Ashe waɗanda suka tsara wasan ba rauninsa suke tsoro ba, ƙarfinsa suke ƙoƙarin daƙilewa.

Wanda malamin ya caccaka shi ne Eldritch Knight na bugun 2014, wanda mu a teburinmu muke ce wa barde mai tsafi. Hujjarsa ita ce ƙwallon wuta, wani tsafin kai hari da ke ƙona abokan gaba. Gaskiya ne matsafi zalla yana samun ta a mataki na 5, barde kuwa sai ya kai mataki na 13, lokacin da dodannin da ake karo da su sun fi ƙarfin ɓarnar maki 28 da take yi a tsaka-tsaki. Gaskiya ne kuma barde ba ya wuce tsafin daraja ta huɗu, ita ma sai a mataki na 19, matakin da yawancin tebura ba sa kaiwa kafin labarin ya watse. Duk na yarda. Inda muka rabu shi ne, ya ɗauki mudun matsafi ya auna barde da shi.

Tsafin barde na kare kai ne. Ya fi kama da layun da mayaƙin da yake ɗinkawa a rigarsa kafin ya hau doki: aikin yana hannun takobi, laya dai ta sa a dawo gida. Bari in ba da lissafi. A mataki na 3 bardena yana sanye da sulke mai lambar kariya 16, garkuwa ta ƙara 2, ya zama 18. Wani ƙaton dodo mai kulki yana da ƙarin 6 a jifarsa, don haka in ya jefa 12 ko sama ya same ni, wato sau 9 cikin 20. Amma akwai wani ƙaramin tsafi na garkuwa da ake yi bayan an ga sara ya taho, yana ƙara 5 har zagaye ya dawo kanka. Kariyata ta koma 23, sai dodon ya jefa 17 ko sama, sau 4 kacal cikin 20. Ga jini kuma, wato yawan dukan da jarumi zai jure kafin ya faɗi: mayaƙi na jefa ƙwaya mai fuska 10 a kowane mataki, matsafi mai fuska 6.

Na ga amfanin wannan a wani dare da muka shiga kurkukun ƙarƙashin ƙasa. Ƙanena ne ke riƙe da matsafin, saura masa jini 4, mai maganinmu kuma ya riga ya faɗi. Na tsaya a bakin wata siririyar ƙofa, dodanni biyu suna dukana bi da bi. Gurbin tsafi biyu kawai nake da su a lokacin, wato sau biyu zan iya yin irin wannan tsafin, kuma duka biyun a tsafin garkuwar nan na kashe su. Jagoranmu yana jefa ƙwaya yana tsaki, ya samu 14, ya samu 16, duk a banza. Zagaye biyun da na saya su ne suka ba ƙanena damar ɗura wa mai maganin ruwan warkarwa. Da na ɓarnatar da guraben wajen watsa wuta don a ce ni ma matsafi ne, da a nan labarin ya ƙare.

Ba zan ɓoye aibin barden ba, don ni na fi kowa shan haushinsa. Na farko, yana da baki da yawa da za a ciyar: ƙarfi don sara, juriya don jini, basira don tsafi. Mai basira 14 a mataki na 5, abokin gaba na buƙatar 13 ya kuɓuce wa tsafinsa, na matsafi mai basira 18 kuwa sai 15. Maganin wannan shi ne ka zaɓi tsafin da ba ruwansa da basira, irin tsafin garkuwar da na ambata. Sai matsalar hannu. Ƙa'ida ta ce tsafin garkuwa sai da hannu ɗaya a sake, ni kuwa takobi a dama, garkuwa a hagu. Wata uku na yi ina yar da takobina a ƙarshen kowane zagaye, in kira shi ya dawo hannuna a na gaba, tunda barde na da wannan baiwar. Abokaina har suna suka sa mini, Mai-yar-da-takobi. Sai da na kai mataki na 4 na ɗauki horon da ke ba da damar yin tsafi da makami a hannu, sannan na huta da tsiyarsu.

Babban aibin kuwa malamin bai ma gan shi ba. A mataki na 7 barde na samun damar yin ƙaramin tsafi ya bi shi da sara ɗaya. Da ya kai mataki na 11, inda mayaƙi ke sara uku a zagaye, sai baiwar ta zama kusan ta ado, don ba kasafai za ka bar uku ka ɗauki ɗaya da ɗoriya ba. Kamfanin Wizards of the Coast, mai buga wasan, ya gyara wannan a bugun 2024: yanzu ɗaya daga cikin saran ake musanyawa da ƙaramin tsafi, an kuma cire takunkumin da ya tsare barde a fanni biyu na tsafi. Sharhin bai ambaci wannan ba ko kaɗan.

Wanda yake son ya ga wuta na fita daga bakin takobinsa kowane zagaye, to ya nemi Magus na wasan Pathfinder, wanda kamfanin Paizo ya fitar a 2011 don wannan aikin. A cikin Dungeons & Dragons ma akwai Bladesinger, matsafi ne cikakke da ya koyi takobi, sai dai jininsa kaɗan ne, bugu biyu masu kyau sun kwantar da shi.

Roƙona, Edita, a isar wa malamin cewa muna zama kowace Asabar bayan la'asar, kuma akwai kujera. Zan ara masa bardena, yanzu yana mataki na 9, ya tsaya a bakin ƙofa zama ɗaya kawai, sannan ya sake rubuta sharhin. Shayi da ƙuli-ƙuli a kanmu, fensir dai ya zo da nasa.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai bibiyar shafinku daga Zariya