Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Dogaron Garinmu Da Albashin Bariki

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka.

Mu ne talakawanka na ƙauyukan da ke kewaye da barikin soja: mahauta, masu abinci, teloli, 'yan acaɓa, masu gidajen haya da manoma. Ta hannun Dagaci muke gabatar da wannan kuka.

Ba ƙarar soja muka kawo ba. Zamansu ya ba mu kwanciyar hankali, ya kuma ba mu ciniki. Abin da ke damunmu shi ne abincin gari ya rataya a kan abu biyu da ba mu da ta cewa a kansu: ranar da albashi zai shigo, da takardar da za ta zo daga sama ta ce a kwashe runduna.

Kasuwa kan buɗe ne a satin albashi, sauran watan kuwa littafin bashi ke aiki. Mai shago ya ɗauko kaya bashi daga Singa, ya rabar da su bashi a kasuwar mami ta bariki. Mahauci ya karɓi sa daga dillali a kan alkawarin ƙarshen wata. Ranar da aka tura dakaru fagen daga, kamar yadda ake yi tun ɓarkewar rikicin Arewa maso Gabas a 2009, daga baya aka ƙara da Zamfara da Katsina, sai iyalansu su tafi gida, ɗakunan haya su zauna a rufe, bashin ya tsaya cak tun daga mai koko har zuwa ɗan kasuwar birni. Manyan buhunan da ake ciyar da rundunar ma ba a gonarmu ake auna su ba, 'yan kwangila daga Dawanau suke ɗaukowa. Abin da ya fi ciwo, wasu gonar gado suka sayar suka gina ɗakuna ko suka sayi babur, ga samari sun tashi ba su san yadda ake yin fangali ba.

Maƙwabtanmu sun ga irin wannan. Sojojin Faransa sun gama ficewa daga Nijar a Disambar 2023, na Amurka suka bar sansaninsu na Agadas a 2024, wanda duk yake ci a jikin waɗannan sansanoni ya wayi gari babu. A Filifin, da Amurka ta bar sansanin sojan ruwanta na Subik a 1992, hukuma ta mayar da wurin tashar jiragen ruwa da masana'antu, don an kafa masu kula da shi tun kafin a tashi.

Babbar buƙatarmu fadama ce. Muna roƙon ka sa Dagaci da masu unguwanni su zaga ta, a san mai kowane yanki, a fitar da burtali da mashaya tun farko, domin noman ranin da ya toshe hanyar shanu rigima yake haifarwa. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka a karkara, kuma wanda ba shi da takarda banki ba ya sauraronsa. Ruwan fadama ba shi da zurfi, a wurare da dama mita 6 zuwa 12 ya isa a kafa bututu, injin inci 2 ko 3 ya ja. Sai dai tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, mai ke cinye ribar. Shi ya sa muke so ka nema mana famfo mai aiki da hasken rana ta hannun KNARDA, hukumar raya noma da karkara ta Jihar Kano, a ba rukunin mutum biyar zuwa goma, su biya bayan girbi. In aka raba kyauta, kan ka ce kwabo an kai shi kasuwa.

Kada kuma kowa ya afka wa tumatur. Manoman Kadawa da Kura sun san yadda kwando ke zubewa a Kwanar Gafan idan kaya suka fito lokaci guda, ga tsutsar sharon da ta cinye gonaki a 2016. Albasa ta fi dacewa da mu don tana ajiyuwa, amma da sharaɗi: a tsayar da ban ruwa kamar sati biyu kafin cira, a bar ta a inuwa wuyanta ya bushe, a tsince mai rauni, a shimfiɗa ta a rumbu mai daɓen kara da aka ɗaga daga ƙasa, iska na ratsawa. Wadda aka cika wa takin yuriya ko aka tara ta tsibi guda, ruɓewa take. Wake kuma buhun PICS mai riɓi uku, wanda iska ba ta shiga, ya wadatar, in ya bushe sarai aka ɗaure kowane riɓi daban, ba sai an zuba magani ba. Fili muke nema kusa da titi don rumbunan, da mai gadi.

Sai kasuwa. A tsayar mana da rana guda a mako wadda ba ta ci karo da ta maƙwabta ba, a ware kara ta dabbobi da wurin lodi, ƙaramar hukuma ta ɗaga mana ƙafa kan kuɗin rumfa a shekarar farko har baƙi su saba. Matan da ke dafa wa bariki abinci za su iya turke raguna na wata uku kafin Babbar Sallah, ga harawa da dusa a gida, muddin malamin dabbobi zai zo ya yi allurar rigakafi kafin a haɗa su.

Akwai wata buƙata kuma wadda ba ta cin ko sisi: kada mai unguwa ya sa hannu a cinikin gonar gado sai magada duka sun hallara. Da yawan gonakin da suka salwanta, a ɓoye aka sayar da su.

Lokaci na da muhimmanci, ranka ya daɗe. Irin albasa ana zuba shi da ɗaukewar damina, alkama kuma ba ta son wuce tsakiyar Disamba. Bashi ko taki da ya iso a Janairu, biki ko gyaran ɗaki zai tafi. Don haka muna roƙon a sa mana ranar zuwa fada kafin watan Oktoba, a gayyato shugaban sashen gona na ƙaramar hukuma, da Arɗo, da Sarkin Noma, da Sarkin Kasuwa. Za mu zo da sunayen masu son shiga kowane rukuni da girman gonar kowa.

Allah ya ƙara maka lafiya da nasara.

Talakawanka masu biyayya,
manoma da masu sana'a na ƙauyukan gefen bariki.