Labaran aljanu da soyayya a wayoyin 'ya'yanmu: gyara suke buƙata, ba wuta ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida domin mu sa baki a kan ƙorafin da iyaye da malaman makaranta ke yi game da labaran aljanu, gane-gane da soyayya da suka cika wayoyin 'yan mata a Kano. Da yawa abin da suke nema shi ne a hana. To, an gwada. Tun 2001 akwai Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i a jihar nan, kuma a 2007 har ƙona littattafan soyayya aka yi a bainar jama'a. Rubutun bai mutu ba, takarda kawai ya bari ya koma WhatsApp da Wattpad, inda babu ashanar da za ta kai gare shi. Shi kuwa aljani ba baƙo ba ne a adabinmu. Ganɗoki na Bello Kagara, ɗaya daga cikin littattafan da gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933 ta haifar, da aljanu ya yi ta gwabzawa, kuma a aji aka karantar da shi. Don haka maganarmu da marubuta ce, kuma a kan yadda ake ginin labarin take.

Yawancin ɓarnar daga yadda ake fitar da labarin take farawa. Marubuciya za ta buga shafi ɗaya a waya da daddare ta tura cikin guruf, gobe ta buga na biyu, ba ta san inda na talatin zai kai ta ba. Shafukan farko kyauta ne, daga nan sai a biya. Saboda haka dole kowane shafi ya ƙare da abin firgici don a dawo, kuma duk abin da masu karatu suka fi yi wa ihu shi ake ƙara musu. Kafin a kai tsakiya, aljanin da a shafi na biyar ba ya iya shiga ɗakin da aka karanta Ayatul Kursiyyu, ga shi a shafi na arba'in zaune a kan gadon, babu bayani. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada a saki shafin farko sai an rubuta goma an ajiye, an kuma rubuta ƙarshen labarin ko da a layi biyar ne. Labari irin wannan shafi 40 zuwa 60 ya ishe shi, kowane shafi kalma 800 zuwa 1,200. Taurari masu suna kada su wuce bakwai ko takwas, domin mai karatu a waya ba ta iya juya baya ta duba wace ce gwaggon wa.

Abu na gaba, wanda mu a wurinmu shi ne ƙashin bayan aikin, takarda ce guda ɗaya da za a cike kafin a fara bugu. A rubuta a cikinta ko aljanin nan Musulmi ne ko ba Musulmi ba, tunda Suratul Jinni ta gaya mana akwai salihai a cikinsu akwai waɗanda ba haka ba. A rubuta inda yake zaune, abin da yake nema a wurin yarinyar, abin da take asara duk lokacin da ya yi mata wani aiki, sannan abin da ba zai taɓa iyawa ba. Wannan na ƙarshen shi marubuta suka fi tsallakewa, alhali shi ne ke riƙe labari. Idan aljani ya iya komai, to babu dalilin da zai sa labarin ya wuce shafi uku. Kuma ba sai an ƙirƙiro iyakokin ba, yarinyar da ke zuwa Islamiyya ta riga ta san su. Ta san an halicce su daga wuta, suna ganinmu ta inda ba ma ganinsu, suna da sauri irin wanda Ifritu ya yi alfahari da shi a gaban Annabi Sulaimanu a Suratun Namli. Ta kuma san ba su san gaibu ba. Aya ta 14 a Suratu Saba'i ta nuna yadda suka ci gaba da wahalar aiki bayan Annabi Sulaimanu ya rasu a dogare da sandarsa, ba su farga ba sai da gara ta cinye sandar ya faɗi. Marubucin da ya sa aljani yana faɗa wa tauraruwa ranar aurenta da sunan wanda zai mutu jibi, kuma komai ya tabbata daidai, ya taɓa aƙida, ya kuma kashe labarinsa da hannunsa, don babu sauran abin jira.

Ga hanyar da ta fi. Hadisi ya siffanta yadda aljani ke sato magana ɗaya ta gaskiya ya kai wa boka, a haɗa ta da ƙarya ɗari. Wannan kaɗai ya isa a gina littafi. Aljanin ya faɗa mata abin da ya riga ya faru, ko abin da ke faruwa yanzu a nesa, kamar inda ɗan kunnen mahaifiyarta ya faɗi, ta duba ta same shi. Ta amince. Daga nan duk abin da ya faɗa game da gobe zato ne da son rai, ita ba ta sani ba, mai karatu kuwa ya fara zargi. Tsoron da ke fitowa daga nan ya fi na jajayen idanu da kofato nesa ba kusa ba.

Haka gane-ganen ma. A mafi yawan labaran nan yarinya tana sumewa a kowane shafi ta ga fim ɗin abin da zai zo ɗungurungum. Sau uku ya wadatar a littafi guda. Na farko gutsure ne: hannu da zoben azurfa a kan ƙyauren ƙarfe, babu fuska. Na biyu ya ƙara abu ɗaya da zai sa ta fassara shi ba daidai ba, ta ɗora zargi a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Na uku sai ya zo lokacin da abin ke faruwa a zahiri, ta gane hannun waye. Kowane gani kuma ya ci mata wani abu, ko barci, ko jarrabawa, ko amincewar ƙawarta. A kuma bambance mata mafarki, tunda an karantar da mu kashi uku ne: na Allah, na Shaiɗan, da na abin da mutum ya kwana yana saƙawa. Tauraruwar da ta farka daga mugun mafarki ta yi tofi sau uku ta hagu, ta nemi tsari, ta juya kwanciya, ta ƙi faɗa wa kowa, ta fi kama da 'yar Kano a kan wadda ke ƙwalla ƙara ta tashi gida kullum.

Sai kwamacalar halittu. A littafi ɗaya za ka tarar da macijiya mai rikiɗa ta fim ɗin Indiya, da mai shan jini na fim ɗin Amurka, da Ifritu, da Ɗan Galadima, duk a fada ɗaya. Bahaushe ya raba waɗannan abubuwa tuntuni. Maye mutum ne, kurwa yake kamawa. Fatalwa ta mamaci ake cewa, kuma malamai sun ce mamaci ba ya dawowa. Iskokin bori kuwa tsarinsu daban, da birninsu Jangare da gidajensu da halayensu. Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai son ado da turare da caca da ɓarnar dukiya. Malam Alhaji tsoho ne mai tari. Inna Bafulatana ce mai nono, ita ake jingina wa shanyewar jiki. Sarkin Rafi na ruwa ne, ga hauka. Kowanne da kiɗansa a garaya ko goge. Ba muna kiran kowa zuwa ga bori ba ne, amma wanda ya ɗauko sunan Ɗan Galadima ya sa shi yawo da tsumma yana cin naman mutane, tsofaffin unguwarsa ma dariya za su yi masa. A zaɓi tsari ɗaya a tsaya a kansa.

Wurin ma haka. Me ya kai marubuciyar Kano ƙirƙirar wani daji mai suna irin na Larabawa ko Hindu, alhali ga Dutsen Dala da labarin Barbushe da Tsumburbura, ga Goron Dutse, ga Jakara, ga lungunan Kurmi bayan an rufe rumfuna, ga ragowar badala da kududdufai? Kuma mafarin labari ba ya buƙatar tsawa da walƙiya. A ɗauki yarinya 'yar aji biyar a sakandare, a wani gida a cikin gari. An kira magariba, an ɗauke wuta, tana sauri ta tace taliya kafin ƙannenta su shigo. Ta kwarara ruwan zafin a makwarara, kakarta daga bakin ƙofar ɗaki ta ce, "Ke, ba kya bisimilla?" Ta ce ta yi, alhali ba ta yi ba. Da daddare ta ji kukan jariri a bayan ɗaki, gidan kuwa babu mai goyo. Duk wanda ya tashi a garin nan an taɓa yi masa wannan tsawar, don haka tsigar jikinsa za ta tashi ba tare da an yi masa bayani ba.

Yanzu ga inda iyaye ke da gaskiya. Soyayyar da ake nunawa a da yawa daga cikin labaran nan ba soyayya ba ce. Aljani mai shekara dubu ya liƙe wa 'yar shekara goma sha biyar, yana shigo mata ɗaki ba sallama, yana nakasa duk saurayin da ya zo zance, yana raba ta da ƙawaye, marubuciya kuma tana kiran wannan kishi, tana siffanta shi da kyau da ƙamshi har masu karatu su riƙa cewa ina ma su ne. Cire kalmar aljani ka sa mutum, abin da ya rage shi ne babban namiji yana mallake ƙaramar yarinya da tsoro. Wadda ta saba ganin haka a matsayin ƙauna, gobe idan saurayi ya ƙwace mata waya ya hana ta gaisawa da 'yan ajinsu, ba za ta ga aibu ba. An ruwaito cewa da aka tambayi Imamu Malik game da auren aljani, abin da ya sa ya ƙi shi shi ne kada mace ta zo da ciki a tambaye ta ta ce na aljani ne, ɓarna ta yawaita. Ba a hana rubuta namijin dare ba, amma a rubuta shi a matsayin bala'in da ake neman tsira daga gare shi. Saurayin ya zama ɗan Adam, sa'anta ko wanda ya ɗan girme ta, mai aibu irin na mutane. Zancensu a zaure ko ƙofar gida, ga ƙaninta yana leƙe, ga yayanta da ba ya son yaron. Kallo ɗaya a bakin Islamiyya da littafin da aka ara ba a mayar ba sun isa su riƙe mai karatu shafi ashirin. Wanda kuma ya san rubutunsa na matan aure ne, ya daina sa 'yar makaranta a matsayin tauraruwa, domin tsarar tauraruwa su ne ke fara neman littafin.

Akwai kuma cutar da ake yi wa marasa lafiya. Duk yarinyar da ta faɗi tana kumfa a labari aljani ne, duk mai jin muryoyi aljani ne. A zahiri farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce mai magani, kuma ba a ɗaukar ta ta yawu. Idan marubuciya za ta kayar da tauraruwarta a aji, ta sa mutum ɗaya a wurin da ya san abin yi: a kawar da benci da duk abin da zai ji mata rauni, a sa mata abu mai laushi a ƙarƙashin kai, kada a danne ta, kada a cusa mata cokali a baki, kada a ɗura mata ruwa, a juya ta gefe idan jijjigar ta lafa, idan kuma ta wuce minti biyar a nufi asibiti. Dannau ma, wanda littattafan nan suka mayar hujjar zuwan namijin dare, likitoci sun san shi: mutum ya farka jikinsa bai gama farkawa ba, na daƙiƙoƙi ko 'yan mintoci, kuma ƙarancin barci da kwanciya rigingine suna ƙara shi. Ga Asibitin Malam Aminu Kano, ga na ƙwaƙwalwa a Dawanau. Labarin da uwa ke cewa a kai wa malam, uba yana cewa asibiti, aka yi duka biyun, ya fi gaskiya, kuma rigimar iyayen ma wani zaren ne da zai ja labarin.

Ƙarshen labari shi ne wurin da aka fi yin ha'inci. Shafi biyu ya rage, sai ga wani malami da ba a taɓa ambata ba ya zo da ganyen magarya bakwai da man zaitun, ya yi ruƙiyya, aljani ya yi ihu ya fita ta babban yatsan ƙafa, sai biki. Idan malami zai shigo, a nuna shi tun kashi ɗaya cikin ukun farko, kuma zuwansa na farko kada ya gama aikin. A nuna na gaskiya da ɗan damfara mai neman baƙin bunsuru da keɓewa da yarinya, don masu karatu su iya bambancewa. Matakin ƙarshe kuwa dole ya fito daga ita tauraruwar: ta faɗa wa mahaifiyarta sirrin da ta ɓoye, ko ta mayar da kyautar da ta karɓa, ko ta ƙi jin labarin goben da take mutuwar son ji.

Roƙonmu gare ka, Malam Edita, shi ne jaridar nan ta ware rabin shafi duk mako biyu don sharhin irin waɗannan littattafai na waya. A ɗauki guda ɗaya, a faɗi shekarun da ya dace da su, a nuna shafin da marubucin ya karya ƙa'idar da ya kafa da kansa, a yaba inda ya yi kyau. Ƙungiyoyin marubuta na Kano suna da mutanen da za su iya wannan aiki, kuma marubutan guruf suna karanta duk abin da aka rubuta a kansu.

Wassalam.

Daga wasu masu duba rubutun matasa,
Birnin Kano.