Zuwa ga ɗana, da ya fara lodin Kano zuwa Abuja

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Labari ya iso mini cewa an ba ka mota, ka fara lodin Kano zuwa Abuja. Allah ya sanya albarka, ya tsare hanya. Ba na shakkar hannunka a sitiyari. Abin da ke damuna shi ne ranar da za ka sauke fasinja a Abuja da dare, 'yan kamasho su ce ga lodin Kano ya cika, kai kuma kana tunanin balas ɗin mai mota, ka juyo ba ka ko runtsa ba.

Zauna ka yi lissafin nan da kanka. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Gyangyaɗin direba sau da yawa daƙiƙa 3 ne ko 4, wani lokaci ma ido a buɗe yake, ƙwaƙwalwa ce ta ɗauke. Cikin daƙiƙa 4 ɗin nan mota ta tafi fiye da mita 110, ta wuce tsawon filin ƙwallo, cike da mutane, babu mai tuƙa ta. Ka kuma san hanyoyinmu da dare: tirela ta lalace a kan kwalta, babu danja, an watsa 'yan ganye a bayanta, shi ke nan. Wanda ke farke zai taka birki ko ya kauce. Mai barci ba ya taɓa birki, da duk gudunsa yake shiga ƙarƙashinta. Shi ya sa a irin wannan haɗari ba a ganin sawun taya a titi, kuma da wuya a fitar da na gaba da rai.

Barci ba ya zuwa sai ya yi sallama, direbobi ne ba sa amsawa. Hamma a kai a kai, ido yana yaji, kai yana yin nauyi. Ka ga tayarka ta sauka gefen titi ka fizgo ta. Gudunka yana hawa yana sauka ba da niyyarka ba. Mafi muni ita ce ka tarar da kanka a Kwanar Dangora ka kasa tuna yadda ka wuce ƙauyukan baya. In ka ga wannan, ka riga ka yi barci a kan sitiyari, Allah ne ya kiyaye. Lokutan da jiki ya fi neman kwanciya su ne daga ƙarfe 2 na dare zuwa asuba, sai kuma bayan azahar, musamman in ka cika ciki da tuwo ko shinkafa. Masu bincike sun gano cewa wanda ya yi awa 17 bai yi barci ba, tuƙinsa daidai yake da na mai barasa kashi 0.05 cikin 100 a jininsa. Wato in ka tashi ƙarfe 5 na asuba, zuwa 10 na dare ka shiga sahun wanda ya sha, ko da ruwa kaɗai ka sa a bakinka.

Sauke gilas, ƙure rediyo, wanke fuska, tauna goro, duk 'yan mintoci suke saya maka, sannan su yaudare ka ka ɗauka ka wartsake. Abin da ke aiki shi ne ka tsaya. Nemi wuri mai haske da mutane, gidan mai ko wajen masu shayi, ka fitar da motar daga kan titi gaba ɗaya. Sha kofi ko shayi mai ƙarfi, ka kwanta nan take minti 15 zuwa 20. Kofi yana ɗaukar kusan minti 20 zuwa 30 kafin ya fara aiki, don haka kana tashi yana kama ka. Kada ka zarce rabin awa, sai ka tashi jiki a mace. Ka taka ƙafa minti 5 kafin ka tada mota. Wannan dabarar ta kai ka gari mafi kusa ce kawai, ba ta maye gurbin barcin awa 7 ko 8 kafin tafiya. Fasinja za su yi gunaguni. Faɗa musu gaskiya, ka ce barci kake ji, za ka ga bakinsu ya mutu.

Sai maganar abin da ake sha a tasha. Na san tarbiyyarka, amma wanda zai miƙo maka ba zai kira shi kayan maye ba, cewa zai yi maganin gajiya ne. Tiramadol, kodin, gadagi da 'yar ledar barasa da ake cusawa a aljihu, duk suna ɓoye maka gajiyar ne, suna kuma jinkirta ƙafarka tsakanin totur da birki. Suna ɓata maka auna tazara, ka ga kamar za ka iya wuce tanka kafin mai tahowa ya iso. Tiramadol har farfaɗiya yana tayarwa. Barasa kuwa hanta ce ke fitar da kusan dukkanta, a hankali: babbar kwalbar giya ɗaya tana cin kusan awa 3. Kofi ko wankan ruwan sanyi ba sa rage mata ko minti ɗaya, kuma wanda ya kwana yana sha yana iya wayar gari da ita a jininsa. Don haka kada ka ba abokin tuƙi makulli don ya ce tun jiya ya sha. In kuma ka ga mota a gabanka tana tangaɗi tsakanin layi, ja baya ka ba ta fili, ka kira hukumar kiyaye haɗurra a lamba 122.

Har maganin halal ka kula da shi. Piriton da magungunan mura da tari da dama suna sa barci. Tambayi mai kemis kafin ka sha, ka ce masa direba ne kai.

Abu biyu da direbobi ke rainawa. In matarka ta ce kana minshari mai ƙarfi har numfashinka yana ɗaukewa, kuma kana tashi da gajiya ko ka kwana cikakke, je asibiti, cuta ce kuma ana maganinta. In kuma kana jin ciwon kai da kasala duk lokacin da ka rufe gilas, kai motar a duba salansa, domin hayaƙin da ke shigowa ta ƙasa yana sa barci, yana kuma kisa.

Da azumi, kada ka ɗauki hanya daga sahur kai tsaye in ka raba dare a farke. Kwanta bayan sallar asuba ko da awa 2 ne.

Tun yanzu ka zauna da mai motar ku yi magana a fili: sawu ɗaya a rana, tsayawar minti 15 duk bayan awa 2 ko 3, kwana a inda dare ya same ka. In ya ƙi, ajiye masa makullinsa ka zo gida, za mu nemi wata tare. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa kira in ka sauka.

Wassalam,
Mahaifinka