Masu haɗa mana shafuka a Damagaram, a daina ajiye kalmar sirri tsirara

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in yi magana da yaranmu masu haɗa wa makarantu, kantuna da ƙungiyoyi shafukan intanet a nan Damagaram. Wallahi suna ƙoƙari, ga matsalar wuta ga rezo sai a hankali, amma wajen shiga ɗin nan, inda ake sa suna da kalmar sirri, shi ke ci min tuwo a ƙwarya. Sai ka ga gaban shafi ya sha kwalliya, amma can cikin sabar, wato na'urar da ke ajiye bayanan shafin, kalmar sirrin jama'a tana nan zube yadda suka rubuta ta, duk wanda ya kutsa ya kwashe, kuma mun san halinmu, kalma ɗaya ce mutum ke sa wa Facebook da imel da komai nasa.

Haka aka yi wa kamfanin intanet na RockYou a 2009, kalmomin sirri sama da miliyan 32 suka fita don ba a rikiɗa su ba. LinkedIn ma ta sha a 2012. Kuma gyaran bai da tsada fa, tun 2013 PHP, yaren da ake haɗa shafuka da shi, ke da password_hash, layi ɗaya ne ya rikiɗa kalmar da wata dabara mai suna bcrypt yadda ko kai mai shafin ba ka iya karanta ta. Amma har yau wasu MD5, tsohuwar dabarar rikiɗawa mai saurin fasuwa, suke kwafowa daga tsofaffin darussa, haba jama'a.

Sannan tantancewar JavaScript a burauza, wato duba abin da mutum ya rubuta tun a na'urarsa, ba tsaro ba ce, kowa na iya tsallake ta, dole sabar ta sake dubawa, kuma kar a liƙa abin da mutum ya rubuta kai tsaye cikin SQL, umarnin da ake ba rumbun bayanai, ta nan ɓarayi ke shiga ba kalmar sirri. In an yi kuskuren kalmar sirri sau da yawa a dakatar da mutum na ɗan lokaci. Takardar HTTPS kuwa, mai ɓoye bayanai tsakanin burauza da sabar, ƙungiyar Let's Encrypt kyauta take bayarwa.

Ku kuma Alhazai da shugabannin makarantu masu biyan kuɗin aikin, ba sai kun iya ordinater ba. Ku ce wa yaron kun manta kalmarku ya duba muku. In ya karanto muku ita, kar ku cika masa kuɗinsa sai ya gyara.

Naka,
Mai karatu daga Birni, Damagaram