Wasiƙa zuwa Riyad: an kori mutum uku cikin kwana biyar

Agege, Legas
Talata, 2 ga Satumba, 2025

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zafin Riyad, ya jama'ar da kuke tare? Mu nan lafiya ƙalau, sai ruwa da ya ƙi barin layinmu ya bushe. Saƙonka na murya ya iso tun kafin Babbar Sallah, na saurare shi ya fi sau biyar, kuma na san ka ƙullace ni da shirun da na yi. Ka yi haƙuri. Bari in fara sauke abin da ya tokare min ƙirji, don yau mako guda ke nan majalisa ba ta da wata magana sai ita.

An kori mutuminka. Na san ka gani, amma ina so ka ji daga bakina. Daren Alhamis Besiktas suka sallami kocinsu Ole Gunnar Solskjaer bayan wata ƙungiyar Suwizalan ta fitar da su. Gari na wayewa, kafin mu sauko daga Juma'a, Fenerbahce suka rabu da Mourinho. Jiya Litinin kuma Leverkusen suka ce wa Ten Hag ya tattara kayansa, wasa biyu kacal ya ja su a lig. Mutum uku da suka zauna a kujerar Ferguson ta kocin ƙungiyarmu Manchester United, cikin kwana biyar duk sun rasa aiki. Da labarin Ten Hag ya shigo ina shago a Ikeja, na buɗe wayar wata mata ina canza mata gilashi, sai da na ajiye sukundireba na karanta sau biyu.

Da daddare teburin mai shayi ya cika har wasu na tsaye. Tela ne ya fara, ka san shi da Mourinho kamar uwa ɗaya uba ɗaya. Ya ce duk cikin waɗanda suka zo bayan 2013 babu namiji sai shi: kofin Europa da kofin lig a 2017, na biyu a tebur da maki 81 a 2018, kuma da wane irin 'yan baya? Ya ce mutumin ya gaya mana gaskiya a kan Pogba da sauran 'yan gata, muka ƙi ji, muka bi yara muka kori babba. Sai Ɗan Zabarma, da ba a kasa da shi ba, ya tsoma baki daga bayan kurar ruwansa ya ce ai su a Chelsea suka ci moriyar Mourinho tun yana da maiƙo, mu ƙashi aka miƙo mana. Tun da suka ɗauki kofin duniya na ƙungiyoyi a Amurka a watan Yuli ba a isa a sha shayi lafiya ba. Yanzu kuma sun saye Garnacho, ya ce zai kawo mana shi aro in mun yi ladabi.

Ni dai na yi shiru ina juya cokali, har Tela ya ce, to kai da ka fi kowa ihun a kori Ole, yau me za ka ce? A nan na ji rashinka. Kujerarka ta kusa da janareto har yanzu wani ɗan Arsenal ne ke zama a kanta, kuma ba ya iya riƙe musu ko na minti biyu.

Ka tuna ranar Watford? Nuwamba 2021, ci 4 da 1. Muka fito daga gidan kallo, na tsaya a bakin kwata ina rantsuwa cewa in ba a kore shi a daren ba na bar kallon ƙwallo. Ka kama hannun rigata ka ce in bi a hankali, wanda zai zo ba lallai ya fi shi ba. Na ce maka son zuciya ne, don ƙwallon da ya ci Bayern a 1999 kake kare shi. Muka yi kwana uku ba ma gaisawa sosai. To ga shi na rubuta da hannuna, ka adana takardar: kai ne da gaskiya. Mutumin ya kai mu na uku, ya kai mu na biyu, ya kai mu wasan ƙarshe na Europa inda sai da aka buga fenareti har kan gola kafin Villarreal su ɗauka 11 da 10. A lokacin raini muke yi wa wannan. Kakar da ta wuce a na 15 muka ƙare da maki 42, Tottenham da ke ƙasanmu a tebur suka doke mu a wasan ƙarshe na Europa a Bilbao. Yau wa zai ba mu na biyu mu ƙi karɓa da hannu biyu?

Kada kanka ya kumbura dai. Har gobe ina nan kan bakana cewa Ole bai iya canji ba, sai minti na 80 yake tuna akwai mutane a benci, kuma ranar da Liverpool suka zuba mana 5 a gida ba ni na tsara masa 'yan tsakiya ba. Kuma kai ne ka yi ta murna da dawowar Ronaldo har ka yanka mana kaji biyu, alhali daga nan tafiyar ta fara karkacewa. Da ya koma Saudiyya ka tattara ka bi shi, kana ce mana wai aikin tuƙi ka samu. Mun gane.

Wasanmu da Grimsby a kofin lig kuwa, ban san ko ka iya tsayawa ba, don lokacin da aka gama ku can dare ya raba. Laraba ce, ƙarfe takwas. Mai gidan kallo ya ƙara kuɗin shiga saboda tsadar mai, duk da haka muka cika benci, don kowa ya zo ne ya ga an yi wa ƙananan yara ruwan ƙwallaye a huce haushin Arsenal da Fulham. Ƙungiya ce ta rukuni na huɗu, garin masunta, filinsu bai ɗaukar mutum dubu goma. Cikin rabin awa sun ci biyu. Ta biyun golanmu Onana ne ya fito zai naushi ƙwallo ya naushi iska, kuma wanda ya tura ta raga yaro ne da ya taso a makarantar ƙwallo ta United. Mbeumo ya rage, Maguire ya farke da ka saura minti ɗaya, aka tafi fenareti. Cunha ya samu wadda za ta raba gardama ya miƙa wa gola a hannu. Aka yi ta bugawa har gola da gola, aka sake zagayowa, Mbeumo ya doki ƙarfen sama. 12 da 11.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne kocin. Ana buga fenareti Amorim na zaune a rumfar benci ya sunkuyar da kai, ya kasa ɗagowa ya kalli yaransa. Kafin nan an nuno shi ana tsuga ruwa yana ta matsar da 'yan maganaɗisu a kan allo. Baba mai gadi na kusa da ni, da rediyonsa a cinya kamar kullum, ko da yake ga talabijin a gabansa. Bai ce uffan ba har aka tashi. Da muka fito ya tsaya yana ɗaura rawani, ya ce min shi tun ana jin wasa a rediyo yake bin ƙungiyar nan, ya ga Ferguson ya zo a 1986 ya yi shekara uku da rabi bai ɗaga ko cokali ba, ana ta cewa a kore shi, sai a 1990 ya samu kofin FA, lig kuma sai 1993. Ya ce amma ko a waɗancan shekarun bai taɓa ganin mutumin ya ɓoye fuska ba. Daga nan ya kama hanyar get ɗinsa. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

To a nan muka rabu kashi biyu. Su Tela da yawancin yaran suna cewa a sallame shi tun kafin dare ya yi, taurin kansa a kan 'yan baya uku ya isa, ya mayar da Bruno ɗan tsakiya mai tsaro, ya ajiye Mainoo a benci, yaron da ya ci City a wasan ƙarshe na FA a 2024. Duk gaskiya ne, kuma batun Mainoo yana ci min tuwo a ƙwarya fiye da kowa. Amma na ce musu ni bakina ba zai sake furta a kori kowa ba. Na faɗa a kan Moyes, aka ba shi kwantiragin shekara shida aka kore shi cikin wata goma. Na faɗa a kan Van Gaal, aka sallame shi kwana biyu da ɗaga kofin FA. Na faɗa a kan Mourinho, da Ole, da Ten Hag. Kowane lokaci sai mu yi wata uku muna murna, sabon ya zo ya ce 'yan wasan da ya tarar ba nasa ba ne, a zubar da rabi a araha, a sayo wasu da tsada, kafin su saba da juna an kore shi. Shekara goma sha biyu muna wannan zagayen kamar jakin niƙa.

Ka san ɗakin da muka fara kamawa a bayan tashar jirgi, wanda damina na yi sai mu kwana muna jan katifa daga wannan lungu zuwa wancan? Sau nawa muka canza tabarma a ɗakin nan? Mai gidan kuwa duk ƙarshen shekara sai ya aiko a karɓi haya, bai taɓa hawa ya duba kwano ba. Abin da na gaya wa majalisa ke nan. Iyalan Glazer sun sayi ƙungiyar a 2005 da bashi, suka ɗora bashin a wuyanta, tana biyan ruwa suna kwasar riba. Rufin Old Trafford kansa yoyo yake, duniya ta gani a watan Mayun 2024 ranar wasan Arsenal, ruwa na kwarara daga sama kamar an buɗe famfo. Ratcliffe, attajirin da ya sayi kaso a ƙungiyar muka yi masa maraba, ya zo ya sallami ma'aikata ɗaruruwa, ya yanke kuɗin da ake ba Ferguson na jakadanci, amma shi ne ya tsawaita wa Ten Hag kwantiragi a watan Yuli ya kore shi a Oktoba, aka biya diyyar miliyoyin fam. Ya ɗauko daraktan wasanni daga Newcastle da ƙyar da jiɓin goshi, wata biyar ya sallame shi. Wane koci ne ya yi wannan?

Kuma duba waɗanda suka fita. McTominay da muke cewa bai iya karɓar ƙwallo ba, ya je Napoli ya ɗauki lig, aka ba shi gwarzon ɗan wasan Italiya. Antony da muka saya sama da fam miliyan 80 muna yi masa dariya, ya je Betis ya zama sarki, jiya ma suka saye shi gaba ɗaya. Ruwa ba ya tsami banza. Tela ya ce to ai su Mourinho ma sun fita ba su tsinana komai ba, ga shi an kore su. Na ce wannan ya nuna ba waliyyai ba ne, ban taɓa cewa su ne ba. Ya ce na fara magana kamar kai. Na ce na gode.

Af, kafin in manta. Ƙanin Tela an sa ranarsa, bayan Maulidi da mako biyu, 'yar gidan mai goro ta layin masallaci. Ka san wadda nake nufi, kada ka yi kamar ba ka sani ba. An ce ka aiko da gudummawa cikin riyal, ba a karɓar uzuri. Mai shayi ya ƙara kuɗin ƙwai, kuma ya sayi firiza, yanzu har da zoɓo mai sanyi. Jirgin ƙasan nan ja da ake ta gini kana nan ya fara aiki tun bara, yana tsayawa a Agege da Ikeja, ranar da na dace da lokacinsa kafin in gama amsa gaisuwar waya na isa. Yaron gidan kallo da kake aika sayen kati ya tafi gida Sakkwato, mahaifinsa ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ka kira shi, zai ji daɗi.

Ɗana na fari ya sa ni a gaba. Shekararsa tara, bai taɓa ganin mun ɗauki Firimiya ba, 2013 ba a haife shi ba. Rigar Ighalo da ka saya masa a 2020, lokacin da duk Legas ta rikice don yaron Ajegunle ya sa jar riga, har yanzu tana nan, ƙaninsa ke sawa. Ranar Alhamis ya dawo daga makarantar allo ya ce min yara suna kiransa Grimsby, shi zai koma Liverpool wurin Salah. Ban yi masa faɗa ba. Na zaunar da shi na nuna masa wasan ƙarshe da Bayern na 1999 a birnin Barcelona a waya, minti ukun ƙarshe, ya ga mutuminka ya miƙa ƙafa. Ya kalla sau uku, sannan ya tambaye ni ko wannan ɗin yana cikin waɗanda aka kora. Na ce eh. Ya ce don me? Na buɗe baki na rasa ta inda zan fara.

Ranar Asabar na tafi da shi kallon Burnley. Sau biyu muna gaba suna farkewa, sai a minti na 97 Bruno ya ci fenareti, wanda ya ɓarar da irinta sama a Fulham. Yaron ya hau benci yana tsalle har ya zubar wa Baba mai gadi shayi a riga, Baba ya ɗaga shi sama yana dariya. Burnley fa, waɗanda suka hauro bana. Amma na ga fuskarsa, kuma tun ranar bai sake ambaton Salah ba.

Yanzu an tafi hutun wasannin ƙasashe, Super Eagles da Ruwanda a Uyo ranar Asabar, sai Afirka ta Kudu, wannan ma wani hawan jinin ne. Ranar 14 ga wata muna gidan City. An kawo sabon gola daga Beljiyam, yaro ne, ban taɓa ganin wasansa ba, Allah ya sa hannunsa na da danƙo. Ka nemi hutu wurin mai gidanka a ranar, ka sa kati a waya, zan kira ka da bidiyo in jingina wayar a jikin gwangwanin madara a teburin mai shayi, Tela na da tambayoyin da ya tara maka a kan Ole.

Uwargida na gaishe ka, yara na tambayar dabino. In ka samu zuwa Madina ka sa mu a addu'a, har da Baba, ƙafarsa na damunsa.

Naka har kullum,
Amininka na Agege