Famfon unguwarmu ya yi yaji

Damagaram, daren Alhamis

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina karatu? Wata huɗu ke nan ba ka ce uffan ba. Ko ruwan Kano ne ya wanke maka mu daga ƙwaƙwalwa? Inna ta ce in tambaye ka ko har yanzu kana iya cin kilishi ba tare da ka ce ya yi tauri ba, tunda ka zama Bakano. Akwai saƙon da zan ba ka, amma bari in fara sauke abin da ya hana ni barci.

Ka san ajin da nake koyar wa Faransanci, masu shirin bak, jarrabawar kammala sakandare. Shekara nawa ina fama da su a kan darasin adon harshe. Su haddace “metafor”, su haddace “iperbol”, ranar jarrabawa ka aje musu waƙa, su yi ta kallonta kamar an kai baƙauye tashar jirgi. Ranar Litinin na rufe littafin, na tambaye su da Hausa: in maroƙi ya tsaya ƙofar fada a Birni ya ce wa Sarki “toron giwa”, ƙarya ya yi? Suka ce a'a. To Sarki yana da haure? Aji ya fashe da dariya. Na ce wannan ita ce siffantawa, ka ɗauki abu ka ce shi ne wani abu kai tsaye. In kuwa ka saka “kamar” ko “tamkar” a tsakani, ka koma kamance. Na ƙara musu da rabon da ka taɓa nuna mani a littafin Farfesa Ɗangambo: kamancen daidaito, na fifiko in an ce “ya fi”, da na kasawa in an ce “bai kai”. Wallahi kafin a tashi, hannuwa sun yi mani yawa.

Da muka zo kan mutuntarwa, wata yarinya ƴar Zango da ba ta taɓa buɗe baki a aji ba ta ɗaga hannu ta kira ni yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, ta ce, “Mushe, famfon unguwarmu ya yi yaji, sati biyu ba wanda ya je biko.” Na tsaya shiru. Ta mai da ƙarfe matar aure, ta ba shi zuciya da gidan iyaye, kuma duk wanda ya taɓa bin layin jarka a garin nan ya ji abin a jikinsa. Yarinyar da na ɗauka ba ta bin darasi! Ashe a bakin kakarta ta gama wannan karatun tun tuni, sunansa kawai ta rasa.

Af, ƙanenka ya sayi babur yana kabu-kabu bayan an tashi daga jami'a, kuma ya fi ka kawo cefane gida. Baffa ya warke, har ya je kasuwar Dole yau ya yi rigimar farashin gero. Maganar auren da ka sani kuma an ɗaga sai bayan Sallah, kar ka ce daga bakina ka ji.

Jiya na kai labarin zauren Malam bayan la'asar. Ya yi murmushi ya ce, me muka zo da shi sabo? Tashbihi ne da isti'ara, suna nan cikin ilimin bayan, ɗaya daga rassa uku na balaga, tare da ma'ani da badi'i. Ya ƙirga mani rukunan tashbihi huɗu da yatsu: abin da aka kamanta, abin da aka kamanta shi da shi, kalmar kamantawa, da fuskar kamar. Daga nan ya gangara aruli, ilimin awon waƙa, ya kawo bahari, wato ma'aunan waƙa, 15 na Halilu ɗan Ahmadu da na 16 da Ahfashu ya ƙara, ya rera mani baiti ɗaya na wa'azi yana buga kari a gwiwa. Na fito ina tunani: yaron Damagaram yana da rijiya uku a gida, ta fada, ta zaure, ta boko, amma mun ce da guga ɗaya kaɗai zai ja.

Inda na maƙale shi ne habaici. Gatse na iya jingina shi da abin da Faransawa ke kira “ironi”, ko da yake bai zauna daidai ba. Zambo kuma a fili yake, a zana mutum da muninsa har kowa ya gane shi. Amma habaici, wanda ba a kama suna, a jefa magana tsakar gida a bar mai kaza a aljihu ya kasa jimirin as, wace kalma zan ba su da za su rubuta a takardar jarrabawa? Kuma damuwata ke nan. Tun da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025 kowa ke murna, ni ma haka, sai dai yaran nan da Faransanci za su amsa tambaya. Ina tsoron in buɗe musu ido da Hausa, mai gyaran takarda ya rufe. Wani abokin aiki ma ya ce ɓata lokaci nake yi. Ban yarda ba, don ranar Laraba na ba su waƙar Faransanci, fiye da rabin aji suka tsamo siffantawa da kansu, abin da ban taɓa gani ba.

Mako mai zuwa zan shiga amsa-amo, wato dacewar sautin ƙarshen baitoci, da karangiya, maimaita sauti iri ɗaya a jere, da ƙato da kwaɗo da ƙotonsu za mu fara. Saɓi-zarce da gangara ne har yanzu nake son ka bambance mani da misali, ka tambayi malamanku na Jami'ar Bayero in ka samu sarari.

Wuta ta ɗauke, da fitilar waya nake ƙarasawa. Ka gai da mai ɗakinka da ɗan sarkin kuka. Yarinyar nan kuma na ce ta rubuto mani duk irin maganganun kakarta, ta riga ta cika shafi uku.

Naka har kullum.