Tudun rage gudu: a yi mana shi bisa ka'ida

Malam Edita, assalamu alaikum.

Tun da aka shimfiɗa sababbin tituna a Damagaram lokacin shirin gyaran gari na Zinder Saboua, gabanin bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamban 2018, mun huta da rairayi da kwatami, mun gode Allah. Amma hanya ta yi santsi, 'yan kabu-kabu da masu adaidaita suka samu filin tsere, har cikin unguwa inda yara ke ƙetarawa zuwa makarantar allo.

A layinmu babur ya kaɗe wata yarinya mai tallan ƙosai. Ina tsaye a ƙofar gida, na ga farantin yana juyi a tsakiyar titi, ita kuwa ƙafa ta karye. Washegari samarin unguwa suka yi karo-karo, suka sayi siminti, suka gina tudu daga wannan gefe zuwa wancan. Ban ga laifinsu ba, zafin rai ne ya sa su. To amma abin da suka gina ya fi kama da dakali: ga tsayi, ga kaifi, ba fenti, ba allon gargaɗi. Bai yi sati biyu ba, da dare an ɗauke wuta, wani ɗan kabu-kabu ya yi karo da shi, ya zubar da tsohuwar da ya ɗauko. Da damina ta zo kuma tudun ya tare ruwa, ya juya shi zuwa zauren maƙwabcina.

Shi wannan abu da masu Faransanci ke kira "bayan jaki" yana da ma'auni. A Faransa tsayinsa santimita 10 ne, a shimfiɗe kan kimanin mita 4, ta yadda mai tafiyar kilomita 30 a awa zai hau ya sauka lafiya, mai gudu kuwa ya ji a jikinsa. Ana shafa masa farin fenti, a kafa allo kafin a iso, a bar wa ruwa hanya a gefe. Kuma ba kowane titi ake sa shi ba. Hanyar da motar ɗaukar marasa lafiya ke bi sai an yi tunani.

Roƙona ga magabatan gari: ku zauna da masu unguwanni, daga Birni zuwa Zango har Garin Malam, su suka san inda yara ke ƙetarawa. A fara da ƙofofin makarantu da masallatai, a rushe tuddan da jama'a suka gina da kansu, a gina na ƙwarai. Mu a layinmu, in an turo mana ma'aikacin da ya san aikin, kuɗin siminti da fenti za mu haɗa da kanmu.

Naku,
Wani magidanci daga Sabon Gari, Damagaram